Gajiya da Rashin Barci ga Mai Ciwon SEP: Yadda Za A Bi Da Su a Zafin Maraɗi

Akwai gajiyar da barci ke gogewa, akwai kuma wadda mutum zai kwana ya tashi da ita kamar bai runtsa ba. Irin ta biyun ce ke addabar masu ciwon nan da likitocin Nijar ke rubutawa SEP a takardar asibiti, na Najeriya kuma su rubuta MS. Ciwo ne da garkuwar jiki ke juyowa ta far wa rigar kitsen da ke lulluɓe da jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na laka da na ido, ta bar tabo nan da can, sai saƙon da ƙwaƙwalwa ke aika wa gaɓoɓi ya riƙa tafiya da nawa ko ya yanke a hanya. Likitan Faransa Jean-Martin Charcot ne ya fayyace shi a birnin Faris a 1868. Ƙididdigar 2020 ta nuna kimanin mutum miliyan 2.8 ke ɗauke da shi a duniya, mata sun ninka maza aƙalla sau biyu, kuma yawanci yana bayyana ne tsakanin shekara 20 da 40. A ƙasashenmu ba a cika cin karo da shi ba kamar a Turai, tabbatar da shi kuma sai da likitan jijiyoyi da hoton IRM (wato hoton ƙwaƙwalwa da laka da wata na'urar asibiti ke ɗauka), don haka mai shi a Maraɗi sau da yawa shi kaɗai ne a danginsa da unguwarsa. Jan ƙafa da dushewar gani abubuwa ne da ƴan uwa ke ganewa su tausaya. Gajiyar kuwa, wadda ke kama kimanin mutum uku cikin huɗu na masu ciwon, ba ta da alamar da ido ke gani, shi ya sa ake ɗaukarta ƙyuya ko son jiki, musamman idan matar aure ce mai ƙuruciya da ke zaune a gidan yawa.

Abin da ya kamata a fara fahimta shi ne gajiyar nan kashi biyu ce. Akwai wadda ciwon kansa ke haifarwa, domin ƙwaƙwalwar da jijiyoyinta suka samu tabo tana yin aiki ninki kafin ta cim ma abin da a da take yi ba wahala. Akwai kuma wadda wasu abubuwa na gefe ke ɗorawa a kan ta farkon, wato daren da aka yi ana tashi fitsari, ko zafin rana, ko zazzaɓi, ko ƙarancin jini, ko maganin da ake sha, ko damuwar zuciya. Ta farkon sai dai a koyi zama da ita. Ta biyun tana gyaruwa, kuma a ganina a garinmu ita ce ta fi yawa, don haka daga kanta ya dace a fara, tun kafin a je neman ƙwayar da za ta ba da ƙarfi.

Hanyar raba su ita ce rubutu. A samu ƙaramin littafi irin na ƴan lakkol, a ajiye shi da biro kusa da shimfiɗa na tsawon mako biyu. Kowace safiya a rubuta lokacin da aka kwanta, da yawan tashin da aka yi cikin dare da abin da ya jawo shi, da lokacin da aka farka. Da hantsi, da azahar, da magariba kuma a ba gajiyar maki daga 1 zuwa 10, a rubuta abin da aka yi kafin nan, da shayi ko goron da aka ci. Wanda hannunsa ke rawa sai ya faɗa wani yaro ya rubuta masa, ko ya naɗi muryarsa a waya. Idan kwanakin suka cika, takardar da kanta za ta nuna inda gizo ke saƙar: wani zai ga makinsa na hawa ne kullum bayan ƙarfe ɗaya na rana, wata ta ga duk ranar da ta wayi gari a galabaice to a daren ta tashi fitsari sau huɗu. Da wannan littafi ake zuwa wurin likita, domin ya fi “ina jin kasala” amfani nesa ba kusa ba.

A zuwan farko a nemi awon jini don a duba ƙarancinsa da yawan sinadarin ƙarfe, da awon zazzaɓin cizon sauro, da na fitsari, da na suga, da na halittar nan ta maƙogwaro da ake kira tayirod. Ƙwayoyin cuta a mafitsara suna yawan kama masu SEP, wani lokaci ba tare da zafin fitsari ba, sai dai a ga jiki ya mutu, ƙafa ta ƙara nauyi. A tafi da dukkan magungunan da ake sha a cikin kwalayensu, har da na gargajiya, domin baklofen da gabapentin da amitiriptilin da magungunan mura masu sa barci duk suna kashe jiki, kuma sau da yawa sauya lokacin shan su kaɗai yana isa. Likita ne zai sauya, ba mara lafiya ba. Baklofen musamman ba a yanke shi lokaci guda, domin hakan na iya jawo ruɗewa da jijjiga irin ta farfaɗiya.

Zafi

A nan ne shawarar da aka rubuta don mutanen ƙasashen sanyi ke gaza mana. Tun 1890 wani likitan ido Bajamushe, Wilhelm Uhthoff, ya lura cewa ganin masu wannan ciwo na dushewa idan jikinsu ya ɗumama da aiki, kuma daga baya an tabbatar cewa hawan zafin jiki da rabin digiri kacal ya isa ya rage saurin saƙo a jijiyar da rigarta ta zaizaye. To, a Maraɗi cikin Afrilu da Mayu ma'aunin zafi na haura digiri 40, ɗakin kwano kuma yakan riƙe zafinsa har tsakar dare. Abin kwantar da hankali shi ne wannan taɓarɓarewa ba sabon harin ciwon a kan jijiyoyi ba ce, kuma ba ta ƙara ɓarna a jijiyoyi. Da zarar jiki ya huce, abin na komawa yadda yake, wani lokaci cikin ƙasa da awa ɗaya.

Don haka a bazara sai a ɗauki sanyaya jiki a matsayin magani mai lokacinsa. A yi wanka da ruwan randa kafin a fara aiki mai nauyi, ba sai bayan an gama ba, a sake yi bayan azahar da kuma kafin kwanciya. Ruwan da ya wuni a jarka ko a tanki cikin rana ba na wankan mai SEP ba ne sai ya huce. A jiƙa ɗankwali ko ƙaramin tawul a ɗora a wuya, a riƙa sabunta shi, a zauna inda iska ke ratsawa, domin a busasshiyar iskar bazara jiƙaƙƙen ƙyalle da mafici suna aiki sosai, fiye da yadda suke yi a damina. Tsoma ƙafafu ko hannuwa har gwiwar hannu cikin bokitin ruwa mai sanyi na minti goma yana saukar da zafin jiki, haka ma kurɓar ruwan ƙanƙara kaɗan-kaɗan. Gidan da zai iya sayen abu ɗaya kawai saboda mara lafiyarsa, ya sayi fanka mai caji ko mai aiki da hasken rana, domin ɗaukewar wuta ta fi yawa a daidai watannin da aka fi buƙatarta. Idan dare ya yi ɗaki ya ƙi shiguwa, kwana a tsakar gida ya fi, amma a cikin gidan sauro, tunda zazzaɓi guda ɗaya na iya kwantar da mai wannan ciwo fiye da yadda bazara gaba ɗayanta za ta yi. Da hunturu kuma wasu sukan ji tsokarsu ta ƙara sanƙarewa, sai a rufa da kyau, a yi wanka da ruwa mai ɗumi-ɗumi, ban da mai zafi.

Akwai iyaka da ya kamata a sani. Idan wata sabuwar alama ta bayyana, ko tsohuwa ta tsananta, ta wuce awa 24 alhali babu zazzaɓi kuma an sanyaya jiki, to a je asibiti, domin mai yiwuwa hari ne. Idan aka yi ƙarin ruwan kotizon na kwana uku zuwa biyar saboda harin, a san cewa yana hana barci, a nemi a riƙa sa shi da safe, kuma rashin barcin na wucewa bayan an gama.

Abin da ke tayar da mutum cikin dare

Mafitsara ce kan gaba. Ciwon na sa ta matsa tun ba ta cika ba, ko ta ƙi juye abin da ke cikinta duka, sai mutum ya tashi sau uku ko huɗu kafin asuba. Kuskuren da ake yawan yi shi ne daina shan ruwa da rana saboda tsoron fitsari, wanda a zafinmu haɗari ne, kuma fitsarin da ya yi kauri ƙara tsokanar mafitsarar yake yi. Abin yi shi ne a sha ruwan da yawa daga safe zuwa la'asar, a rage daga magariba, a tsaya awa biyu kafin kwanciya, ban da ɗan kurɓin shan magani. Kunu da fura da lemo duk ruwa ne a wannan lissafi, don haka mai son fura ya sha ta da rana. Kafin a kwanta a yi fitsari, a ɗan dakata minti ɗaya ko biyu a sunkuya gaba, a sake gwadawa, domin sau da yawa saura na fitowa a karo na biyu. Wanda ƙafafunsa ke kumbura ya ɗora su a kan matashi na wani lokaci bayan la'asar, don ruwan ya fita kafin dare. Idan makewayi na can ƙarshen gida, a ajiye fo ko bokiti mai murfi a gefen shimfiɗa tare da tocila, a kawar da tabarma da takalma daga hanya. Babu abin kunya a ciki. Tafiya cikin duhu da ƙafar da ba ta jin ƙasa sosai ita ke kawo faɗuwa, kuma wanda ya keta tsakar gida ya dawo ya riga ya wartsake, barcin ba zai dawo da wuri ba.

Akwai magungunan da ke kwantar da mafitsara, irin su oksibutinin, amma a kula da abu biyu. Kafin a fara, ya dace a auna fitsarin da ke saura a ciki da hoton eko, irin wanda ake yi wa masu ciki, domin idan mafitsarar ba ta juyewa maganin ƙara tsare ta zai yi. Na biyu, wannan magani na rage gumi, amitiriptilin ma haka, kuma jikin da ba ya gumi a watan Afrilu yana iya yin zafin da zai kai ga suma. A tuna wa likita wannan idan ya rubuta shi a bakin bazara.

Sai ƙafafu, kuma matsalarsu iri biyu ce da ake yawan haɗawa. Ɗaya ita ce sanƙarewa da murɗewar tsoka, inda ƙafa ke miƙewa ko ta fizge da kanta. Maganinta na farko miƙa tsoka ne kafin kwanciya: a zauna a miƙe ƙafa, a saƙala zane ko rawani a tafin ƙafar, a jawo yatsun wajen jiki a hankali, a riƙe kamar daƙiƙa 30, a maimaita sau uku kowace ƙafa, sannan a kwanta ta gefe da matashi tsakanin gwiwoyi. Ɗayar kuwa wani irin tsam-tsam ne ko jin abu na yawo cikin ƙwauri, wanda ke tasowa da dare idan an natsu, ya tilasta wa mutum motsa ƙafa, ya lafa idan an tashi an taka. Wannan na da alaƙa da ƙarancin sinadarin ƙarfe, don haka a nemi awonsa, musamman ga matan da suka haihu kusa da kusa. Shan shayi tare da abinci na rage yawan ƙarfen da jiki ke tsotsa, magungunan mura da ƙaiƙayi masu sa barci kuma ƙara tayar da tsam-tsam ɗin suke yi.

Game da numfashi, abokin kwana ne shaida. Idan mutum na minshari mai ƙarfi, numfashinsa ya ɗauke na ɗan lokaci sannan ya zabura, ya wayi gari da ciwon kai da bushewar baki, a faɗa wa likita. Kwanciya ta gefe da rage ƙiba na taimakawa, ƙwayoyin barci irin su diyazefam kuwa ƙara dagula lamarin suke yi.

Akwai kuma daren da jiki lafiya lau, tunani ne ya hana barci: kuɗin magani, tafiyar Yamai mai sama da kilomita 600 don ganin likita, makomar aure, makomar yara. Kimanin rabin masu SEP na fuskantar ciwon damuwa a wani lokaci na rayuwarsu, kuma ciwo ne mai magani, ba raunin imani ba ne. Wanda ya yi mako biyu zuciyarsa a cunkushe, abin da yake so a da ya daina ba shi sha'awa, ya faɗa. Wanda ya fara jin mutuwa ta fi masa, a kai shi asibiti a ranar. Ga rashin barcin da ya zama jiki, hanyar da aka fi gwadawa aka ga amfaninta ita ce tsayar da lokacin tashi, kuma mu sallar asuba ta riga ta tsayar mana da shi. Abin da ya rage shi ne lissafin baya: babba na buƙatar aƙalla awa bakwai, don haka mai tashi ƙarfe biyar ya kamata ƙarfe goma ta same shi a kwance, waya a ajiye. Idan an yi kamar minti 20 ana juyi, a tashi a zauna a duhu-duhu da carbi ko rediyo a hankali, sai barci ya zo a koma, don kada jiki ya saba haɗa shimfiɗa da zullumi.

Shayin fada sai an yi magana a kansa, ko da ba za a ji daɗi ba. Kafeyin da ke cikin shayi da goro da Nescafé yakan ɗauki kimanin awa biyar kafin rabinsa ya fita daga jiki, kuma yana tsokanar mafitsara. Wanda ya sha kofin farko mai ɗaci bayan isha'i ya sayi tashin dare da kuɗinsa. Ba a ce a bar fada ba, domin kaɗaici ma ciwo ne. A je a yi hira, amma a tsayar da shayi da goro daga azahar. Ƙailula kuwa alheri ce matuƙar ba ta wuce minti 20 zuwa 30 ba, kuma an yi ta kafin la'asar. Idan ta kai awa biyu, daga barcin dare ta ci.

Tsara yini

Ƙarfin mai SEP kamar kuɗin cefane ne da ake ba shi kowace safiya: ba ya ƙaruwa don an yi fushi, wanda kuma ya kashe na gobe yau zai wuni goben a kwance. Mafi yawan masu ciwon sun fi ƙarfi daga asuba zuwa hantsi, wanda shi ne lokacin sanyi, don haka a nan za a zuba aiki mai nauyi, ko wanki ne, ko zuwa babbar kasuwa, ko ganin likita. Daga azahar zuwa la'asar a bar wa hutu da aikin zaune. A huta kafin a gaji, minti goma bayan kowane rabin awa na aiki, domin hutun da aka yi bayan an zube ba ya mayar da abin da aka rasa. Duk abin da za a iya yi a zaune kada a yi shi a tsaye: wanka a kan kujera ƴar tsugunno, yankan kayan miya a inuwa nesa da murhu, alwala a zaune. Daka a kai inji, ɗiban ruwa a bar wa mai ruwa ko yara. Tsayuwa a kan tukunyar tuwo da tsakar rana ta haɗa zafi da tsayuwa da aikin hannu a wuri guda, saboda haka idan akwai aiki ɗaya da za a karɓar wa mace mai wannan ciwo, to tuƙi ne.

Salla a zaune ga wanda ya kasa tsayuwa ta tabbata a hadisin Imrana ɗan Husaini da Buhari ya ruwaito, Alƙur'ani kuma a Suratul Baƙara ya yi wa mara lafiya rangwamen azumi. Wanda yake son yin azumin ya tattauna da likitansa tun a Sha'aban kan lokutan shan magani da matsalar mafitsara, ya kuma tambayi malaminsa.

Duk wannan tsari ba ya tafiya sai mutanen gida sun yarda da shi, kuma bayanin ya fi karɓuwa idan ya fito daga bakin wani, ba mara lafiyar ba. Miji zai iya zama da mahaifiyarsa ya ce: “Inna, likita ya ce ciwon nata a jijiya yake, zafi ke kwance mata jiki. Da safe za ta yi abin da za ta iya, girkin rana kuwa a taimaka a ɗauke mata.” Ya fi kyau ma a tafi da ita Innar asibiti sau ɗaya ta ji da kunnenta. Ranar biki ko suna kuma a zaɓi sa'a ɗaya da za a je a gaisa a dawo, a bar wunin.

Hutu kaɗai ba ya isa, har ma yana cutarwa idan ya yi yawa. A da likitoci kan hana masu SEP motsa jiki, amma wani bincike da aka buga a 1996 daga jami'ar Utah ta Amurka ya nuna motsa jiki daidai gwargwado na ƙara musu ƙarfi da walwala, binciken da ya biyo baya kuma ya ƙarfafa hakan. A fara da tafiyar minti biyar zuwa goma bayan sallar asuba, a kan hanya mai tauri domin rairayi na cin ƙarfin ƙafa, kwana uku a mako, a riƙa ƙara minti biyu duk mako. Ma'aunin shi ne idan awa biyu bayan an gama jiki bai dawo daidai ba, an yi yawa, a rage. Wanda tafiya ke yi wa wuya ya nemi ma'aikatan gashi da motsa jiki na asibiti, waɗanda ake kira kine, su koya masa na zaune da na kwance.

Batun ƙwayar gajiya shi ne na ƙarshe, kuma a can ya dace ya zauna. Likitoci kan rubuta amantadin ko modafinil, wasu marasa lafiya kuma sukan ce sun ji dama, amma wani gwaji da aka yi a Amurka aka buga a 2021 ya gano cewa su biyun, da na uku mai suna metilfenidet, ba su fi ƙwayar da babu magani a cikinta rage gajiya ba, sai dai sun fi ta illa. Idan likita ya ga dacewar a gwada, a sha da safe, a ci gaba da rubuta maki a littafi, in wata ɗaya ya wuce babu canji a koma masa. Mace ta san cewa modafinil na rage ƙarfin ƙwayoyin tazarar haihuwa kuma ba a shan sa da ciki. Tiramol da ƴan talla ke yawo da shi kuwa a nisance shi gaba ɗaya: yana ba da kuzarin awa kaɗan, ya lalata barci, ya kama jiki, kuma idan ya haɗu da amitiriptilin ko magungunan damuwa yana iya jawo jijjiga. Mai tuƙa mota ko kabu-kabu da aka sauya wa magani ya dakata da tuƙi na ƴan kwanaki, har ya ga yadda sabon maganin ke tafiya da jikinsa.